Abin da na gani a aikin tsaya wa baƙi a ƙasar Dandi

Ni malamin firamare ne, ban karanci aikin lauya ba. Abin da ya jefa ni cikin wannan hidima shi ne ina jin Zabarmanci da Dandanci, kuma ina iya rubuta takarda da Turanci. Wanda ya san Kamba ya san Gaya ce a tsallake, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a can. Mutum yakan karya kumallo a Najeriya, ya je suna a Nijar, ya dawo kafin la'asar.

Matsalar kama baƙi da tsare su ta tsananta ne tun watan Agustan 2019, da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Sai ga 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa. Bayan kisan da aka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, duk baƙuwar fuska ta zama abar zargi. Ba na raina wannan tsoro, domin rayuka aka rasa. Amma waɗanda na riƙa gani ana saukewa daga mota su ne 'yan cirani masu yankan shinkafa a fadama, da 'yan garuwa, da masu shayi.

Mun fara ne mu kaɗan: ni, da limamin unguwarmu, da wani direba mai bin hanyar Birnin Kebbi, da wani lauya ɗan ƙasarmu da ke amsa wayarmu ko tsakar dare. Abu na farko da aikin ya koya mana shi ne darajar sa'o'in farko. Mutumin da aka tsare, aka wayi gari babu wanda ya zo nemansa, ana iya yin komai da shi. Wanda kuwa aka zo da sunansa, da sunan ubansa, da sunan mai masaukinsa, aka tambayi wa ya karɓe shi kuma a wane littafi aka rubuta shi, lamarinsa yakan sauya tun kafin lauya ya iso.

Akwai ranar da direban nan ya kira ni, ya ce an sauke wani yaro a shinge saboda Hausarsa ba ta fita sosai. Na same shi tsugune a gindin bishiya, an karɓe wayarsa ana duba hotunan ciki. Na yi sallama, na gaida babbansu.

"Yallaɓai, a kan yaron nan na zo. Ina son sanin laifinsa, don in shaida wa iyayensa."

"Malam, kai wane ne nasa? Wannan ba ɗan ƙasa ba ne."

"Ranka ya daɗe, a Gaya aka haife shi, gaskiya ne. Amma uwarsa 'yar nan ce, kakansa na raye, mai unguwa ya san gidan. In ka ba ni izini in kira shi yanzu."

Yaron ya ɗago ya ce mini da Zabarmanci, "Baba, kar ka tafi ka bar ni." Ban tafi ba. Mai unguwa ya zo da kansa a kan babur, aka sallame shi bayan magariba, ba a ba da ko kwabo ba.

Mutanenmu da yawa ba su san cewa sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ɗaya daga cikin iyaye, ko uwa ce. Sashe na 41 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa. In ina yi wa matasa bayani nakan kawo musu labarin Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, wanda aka kwashe a 1980 aka kai Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, har sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga ɗan garuwan da ba shi da takardar haihuwa?

Shi ma baƙon da babu shakka baƙo ne, doka ba ta yar da shi ba. Sashe na 35 da "kowane mutum" ya fara. Dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Waɗannan muka fassara zuwa Hausa da Zabarmanci, muka naɗa a murya, muna tura wa mutane ta WhatsApp, tunda yawancinsu ba sa karatun boko. Kuma mun lura cewa faɗin doka da ladabi, ba a gaban yaran jami'i ba, ya fi saurin buɗe ƙofa.

Inda muka fi shan muhawara a tsakaninmu shi ne batun littafin sunaye. Don mu riƙa gane wanda ya ɓace, mun buɗe littafi muna rubuta 'yan cirani, da garuruwansu, da lambar wani nasu. Wata rana aka aiko a nemi mu miƙa littafin, wai don tsaro. Liman ya ce a ba su, ai mai gaskiya ba ya tsoro. Ni na ƙi, har yau kuma ina kan bakana. Mutanen nan amana suka ba mu don a neme su in sun shiga hannu, ba su ba mu don a bi su gida-gida ba. Muka amsa cewa duk wanda ake zargi da laifi a faɗi sunansa, za mu raka shi da kanmu tare da lauya. Daga nan muka daina ajiye littafi guda; kowane mai masauki ya riƙe sunayen baƙinsa.

Ba kowa muke iya hanawa a mayar ba, kuma ba ma yi wa kowa alkawarin ƙarya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ba tare da biza ba, kuma da takardar tafiya sahihiya. Wanda ya wuce haka bai nemi katin zama ba, muna gaya masa gaskiya tun kafin a kama shi. In mayarwar ta zama dole, muna tsayawa ya karɓi kuɗin aikinsa da kayansa, domin na ga manomin da ya kira jami'ai a kan ma'aikatansa ana gobe biyan kuɗin girbi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, a ƙasar da muke cewa baƙonka annabinka.

Tun 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, tambayar da ake yi mini a kasuwa ita ce ko yanzu za a kwashe kowa kamar yadda aka yi a 1983 zamanin Shagari. Ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku har sai an ji wani sabon umarni. Ina ɗauke da kwafin sanarwar a aljihu, haɗe da sashe na 12 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam, wanda ya haramta korar baƙi a dunƙule, kuma Najeriya ta mayar da ita dokarta. Yanzu muna bin gidajen da aka yi auratayya da tsallake, muna roƙon iyaye su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa kafin damina ta ja hankalin kowa zuwa gona.