Ranar da ƙofar mota ta ƙi buɗuwa, 'yata tana ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, daga nan Minneapolis ta Amurka nake gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya zafi. Wani abu ne ya same ni a watan Janairu wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, na ce wallahi sai na ba ku labari tunda motocin da ake hawa a nan su ne gobe za su sauka Kwatano su shigo Kano da Maraɗi.

Mun fito daga kanti ne da yamma ni da ƙaramar 'yata mai shekara 3, sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili, irin wanda in ka ja numfashi sai ka ji cikin hancinka ya daskare. Motar tawa mai lantarki ce, hannun ƙofarta a shafe yake da jikin motar, ba ramin mukulli ba komai. Na buɗe baya lafiya lau, na zaunar da ita a kujerarta ta yara na ɗaure mata bel, na rufe, na zagayo gefen direba na taɓa hannun, shiru. Na sake, shiru. Na gwada da waya na gwada da katin mukullin motar na koma ƙofar da na rufe yanzun nan, duk huɗun babu wadda ta motsa. Ita kuma tana kallona ta gilashi tana dariya ta ɗauka wasa nake mata, can da ta ga fuskata sai na ga bakinta yana cewa Abba, Abba, ba na jin muryar sai dai tururin numfashinta da ya fara rufe gilashin.

Na kira 911, lambar gaggawa ta nan, hannuna yana rawa, na kira mai jan mota. 'Yan kwana-kwana suka iso har sun fito da ƙarfen fasa gilashi sai ga mai jan motar, wani dattijo, ya ce a ba shi minti biyu. Ya durƙusa a gaban motar ya ɓalle wani ɗan murfi a jikin bamba, ya zaro wayoyi biyu, ja da baƙa, ya jona da ɗan batirinsa na hannu, bonet ya buɗe, ya jona wa batirin motar wuta, nan take ƙofofin suka dawo da rai. Na ciro ta na sa ta cikin rigar sanyina, yatsunta kamar ƙanƙara.

Shi ne ya yi min bayani, ashe babban batirin da ke tafiyar da motar daban, kuma a cike yake ranar, akwai wani ƙarami mai volt 12 wanda shi ke ba makullin ƙofa wuta, in ya mutu to hannun da kake gani ado ne kawai, babu wata waya ta ƙarfe da ke jan sakatar daga waje kamar a tsohuwar 504. Daga ciki akwai abin ja na hannu, na gaba da sauƙin samu, na baya kuwa a wasu motocin a ɓoye yake ƙarƙashin robar aljihun ƙofa, to dan Allah yarinyar da aka ɗaure a kujera ta ina za ta kai wajen?

Kuma ba ni kaɗai ba ne, ba kuma matsalar kamfani ɗaya ba ce. A Yunin 2025 kamfanin Ford ya yi wa motocinsa Mustang Mach-E kusan 197,000 kiranye don gyara a Amurka saboda ƙofa na iya zama a kulle in cajin ƙaramin batir ya yi ƙasa, a Satumba kuma hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA ta buɗe bincike kan Tesla Model Y ƙirar 2021 wajen 174,000, bayan wasu iyaye sun ce sai da suka fasa gilashi suka fito da yaransu. Ƙasar Sin ma ta kafa doka cewa daga 2027 sabbin motoci dole su zo da abin buɗewa na hannu ciki da waje. Wai ana shafe hannun ne don mota ta yanki iska ta kuma yi kyau, ni dai ban ga kyan da ya kai ran yaro ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai gida ne. Mu nan sanyi ne kuma cikin mintuna aka zo. Ku ɗauka a Sakkwato ne ko Maiduguri watan Afrilu, rana ta haura 40, zafin da shi kansa ke cinye batir da wuri, mota a rufe ta zama tanda, makanikin unguwa bai taɓa ganin irinta ba. In za ku sayi irin wannan, kar ku biya sai dillali ya nuna muku abin ja na kowace ƙofa da inda ake jona wuta daga waje, ku nuna wa uwargida da direba, ku canja ƙaramin batirin kafin ya gaji.

Ni yanzu ba na rufe ƙofar yarinya sai na buɗe tawa na bar ta a buɗe, mamanta ma haka take yi. Ku gaida min kowa da kowa, a sa mu a addu'a.