Hackney Diamonds: abin da tsofaffin Rolling Stones suka iya da wanda ya gagare su

A ranar 20 ga Oktoba, 2023, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila, Rolling Stones, ta fitar da albam mai suna Hackney Diamonds, wanda shi ne na farko da ya ƙunshi sababbin waƙoƙi nasu na kansu tun bayan A Bigger Bang na shekarar 2005. A lokacin mawaƙin ƙungiyar, Mick Jagger, yana da shekara 80, makaɗin jita Keith Richards yana da 79, Ronnie Wood kuma, ɗaya makaɗin jitar wanda shi ne autansu, yana da 76. An kafa ƙungiyar a Landan a 1962, wato sun haura shekara sittin suna wannan sana'a. Tun fitowar albam ɗin na lura masu saurare sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka yi watsi da shi tun kafin su ji, akwai kuma waɗanda suke yabonsa irin yabon da ake yi wa dattijon da ya hau keke bai faɗi ba. A ganina dukansu biyu shekarun mutanen suke kallo, sun bar waƙoƙin.

A nan Jos masu sauraron irin wannan kiɗa ba su da yawa, kuma galibinsu dattawa ne da suka sayi faifai a shekarun 1970, sai kuma matasa masu kaɗa jita. Kawuna da ke Bukuru yana cikin kashin farko, har yau garmahonsa na aiki, kuma faifan Sticky Fingers da Rolling Stones suka fitar a 1971 yana cikin waɗanda ba ya yarda yara su taɓa. Da na kai masa labarin sabon albam ɗin, ko ɗaga kai bai yi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wannan kiɗa na samari ne. Wanda ya haura saba'in ya koma gefe ya yi wasa da jikoki." Na ce, "Kawu, to Shata fa?" Ya yi dariya ya ce wannan daban ne.

Ni kuwa ban ga bambancin ba. Mu Hausawa ba mu taɓa ɗaukar tsufa a matsayin aibi ga mawaƙi ba. Alhaji Mamman Shata ya yi waƙa har kusan rasuwarsa a 1999, Ɗan Maraya Jos kuma ya riƙe kuntiginsa shekaru masu yawa kafin Allah ya yi masa rasuwa a 2015, kuma babu wanda ya ce su ajiye sana'a don furfura. Haka abin yake a kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka, wanda shi ne tushen Rolling Stones. Muddy Waters, ubangidansu a wannan fanni, ya fitar da Hard Again a 1977 bayan ya wuce shekara sittin, kuma ana lissafa shi cikin ayyukansa masu kyau. Kiɗan rok ne kawai aka gina kasuwarsa a kan ƙuruciya, shi ya sa tsohon makaɗinsa yake shiga tsaka mai wuya: in ya yi kamar yaro a yi masa dariya, in ya yi kamar tsoho a ce ya gaji.

Wannan matsala tana nan a cikin Hackney Diamonds, kuma ita ce babban rauninsa. Wanda ya shirya albam ɗin, Andrew Watt, an haife shi a 1990, ya kuma yi aiki da irin su Ozzy Osbourne da Iggy Pop da Justin Bieber. Ya cancanci yabo domin ya sa tsofaffin sun zauna sun gama aiki, bayan shekaru suna shiga ɗakin naɗar waƙa suna fita ba tare da sun kammala komai ba. An naɗi mafi yawan waƙoƙin cikin ɗan lokaci, tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023, kuma ana jin wannan zafin nama. Amma sautin da ya ba su ya cika sheƙi. An matse shi yadda wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya yi ƙara duk suka zama ɗaya, abin da yake daɗi a lasifikar waya ko cikin mota a hanyar Bauchi, amma yake gajiyar da kunne idan mutum ya zauna a ɗaki ya saurara da kyau. Duk wanda ya san albam ɗinsu Exile on Main St. na 1972, wanda aka naɗi wani ɓangarensa a ɗakin ƙasa na wani gida a kudancin Faransa, ya san cewa armashin wannan ƙungiya yana cikin ƙurar sautinta, inda jita biyu suke cuɗanya har ba a gane wa ke kaɗa me. Waƙar da ta buɗe albam ɗin, "Angry", tana da ƙarfi, sai dai kaɗe-kaɗen jitarta suna tuna wa mutum waƙarsu "Start Me Up" ta 1981 fiye da kima, kuma ban gamsu da mai shekara tamanin yana waƙar rigimar saurayi da budurwa ba.

Sai batun ganga, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Charlie Watts, makaɗin gangarsu tun 1963, ya rasu a watan Agusta na 2021 yana da shekara 80. Mutum ne da ya fito daga kiɗan jaz, kuma yana da wata ɗabi'a da makaɗa suka san shi da ita: idan zai daki ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyinsa, sai ya ɗage sandar hannun damansa daga farantan ƙarfe biyu da ake kaɗawa tare da ganguna don riƙe ma'aunin kiɗa, ya bar gangar ta yi magana ita kaɗai. Wannan ɗan giɓi, tare da yadda yake ɗan jinkirta dukansa, shi ne yake sa kiɗansu ya riƙa rangaji. Steve Jordan, wanda ya gaje shi, gwani ne, ya daɗe yana aiki da Richards tun shekarun 1980, amma hannunsa ya fi nauyi, yana tura waƙa gaba ne. Albam ɗin ya ba mai saurare damar gwada su biyun, domin akwai waƙoƙi biyu, "Mess It Up" da "Live by the Sword", da aka naɗi gangarsu tun Watts yana da rai. A ta biyun har Bill Wyman, wanda ya bar ƙungiyar a 1993, ya dawo ya kaɗa jitar bas, Elton John kuma yana kan fiyano. Ba ita ce waƙar da ta fi kyau ba, amma da an kunna ta jiki yake gane cewa an koma tsohon gida.

Baƙin da aka gayyato suna da yawa, kuma yawanci irin wannan gayya alama ce ta albam marar ƙwari. Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar Beatles, yana da shekara 81, ya kaɗa bas mai gurnani a "Bite My Head Off", abin ya yi daɗi ya wuce.

Inda albam ɗin ya tsaya da ƙafafunsa shi ne kashi na ƙarshe, lokacin da aka daina ƙoƙarin ɓoye shekaru. A "Tell Me Straight" Richards ne yake rerawa da muryarsa da ta dushe, yana tambaya ko abin da ya rage masa a gaba duk ya riga ya wuce. Mutumin yana fama da ciwon gaɓoɓi a yatsunsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ciwon ya sauya yadda yake kaɗa jita, saboda haka ba ya yawaita kaɗawa, kowane taɓi yana da dalili. Daga nan sai "Sweet Sounds of Heaven", wadda ta haura minti bakwai, an gina ta a kan salon waƙoƙin coci na baƙaƙen Amurka, Stevie Wonder yana kan fiyano, Lady Gaga tana amshi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen coci a Tudun Wada da yamma, lokacin da 'yan kwaya suke gwaji, ya san yadda jagora yake jefa baiti a cafe masa. Waƙar takan kai wani wuri kamar ta ƙare, kiɗa ya lafa, sai ganga ta ci gaba a hankali, Jagger da Gaga su shiga musayar murya, wannan ya ɗaga waccan ta ɗara, har sauran makaɗa su dawo. Ba a goge wannan ɓangare ba, an bar shi yadda ya faru a ɗakin, kuma ya fi duk wani wuri a albam ɗin rai.

Waƙar rufewa, "Rolling Stone Blues", ta Muddy Waters ce, wadda ya fitar a 1950 da sunan "Rollin' Stone", kuma daga wannan suna ƙungiyar ta samo nata. A watan Oktoba na 1961 Jagger da Richards, waɗanda suka san juna tun suna yara, suka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, Jagger yana rungume da faifan Muddy Waters da na Chuck Berry, kuma daga wannan haɗuwa komai ya faro. A wannan waƙa su biyu ne kawai, Richards da jita, Jagger da murya da harmonika, ƙaramin abin busawa na baki, babu ganga, babu baƙo. Wanda ya tashi da sauraron Ɗan Maraya ya san cewa tsirkiya ɗaya da murya ɗaya sun isa su cika ɗaki idan mai su ya san abin da yake yi, kuma a irin wannan wuri babu inda mawaƙi zai ɓuya. Muryar Jagger ta riƙe, numfashinsa a harmonika bai gaza ba.

Albam ɗin ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ya kuma ci kyautar Grammy ta albam ɗin rok mafi kyau a watan Fabrairu na 2025, ko da yake irin wannan kyauta sau da yawa girmama suna ce, ba na kafa hujja da ita. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne tsawonsa. A Bigger Bang yana da waƙoƙi 16, ya haura awa guda, kuma akwai ciko a cikinsa da yawa, irin na zamanin da ake ganin dole a cika faifan CD. Hackney Diamonds waƙoƙi 12 ne cikin kimanin minti 48, daidai fuska biyu ta faifan garmaho. Da ni aka tambaya, da na cire "Whole Wide World" da "Driving Me Too Hard", na bar "Dreamy Skies", wadda take tafiya a hankali da salon kiɗan ƙauyen Amurka, ta zauna kusa da waƙoƙi ukun ƙarshe.