Samfurin ma'auni a labon awon abinci

Aikinmu a Yamai awon abinci ne: gujiya, ƙuli-ƙuli da masara don gano gubar aflatoksin, wadda funfuna ke haifarwa, sai gishiri don sinadarin iyod. Na'ura kullum tana ba da lamba, ko ta gaskiya ko ta ƙarya. Abin da ke raba su shi ne samfurin ma'auni, wato garin da aka riga aka san adadin gubar da ke cikinsa, mai takardar shaida daga masu yinsa bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 17034, irin su NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, ko cibiyar Tarayyar Turai da ke Geel, a Beljiyam. Turai ba ta karɓar gujiyar ci da ta wuce mikrogram 4 na aflatoksin a kilo, don haka ƙaramin kuskure ya isa a maido wa ɗan kasuwa kayansa.

Samfurin yana da tsada, kwalbar kuma ƴar ƙarama ce, ba a ɗibarta kullum. Don haka mukan haɗa namu samfurin: mu niƙa kilo 5 na gujiya mai guba, mu cakuɗa sosai, mu rarraba gram 50 a kowace leda. Sai a zaɓi leda 10 a auna kowace sau biyu, a ga ko garin ya haɗu, domin gubar ba ta bazuwa daidai, ƙwaya ɗaya kan ɗauke ta mai yawa. Daga nan a auna namu tare da mai takardar. Namu ke shiga kowane zubin awo, a ɗiga sakamakonsa a jadawali. In ya tsallake layin gargaɗi, wato iyakar da aka shata a jadawalin, sau biyu a jere, ba mu sakin takardar kowa sai an gano dalili.

Yawancin ɓarnar daga ajiya take. Kaya ya kwana a duwan (kwastan) cikin zafin Afrilu, ko a ɗauke wuta firji ya huce. Buɗe kwalba da sanyinta yana sa raɓa ta sauka kan garin, nauyinsa ya ƙaru. A bar ta rufe har ta daina sanyi. Ruwan aflatoksin na daidaita na'ura ba ya son haske, kuma in murfin bai matse ba ruwan ya tsotse, gubar ta yi kauri, na'ura ta riƙa ba da lamba ƙasa da ta gaskiya, sai kayan mutane su fito kamar masu tsabta. Wannan ya fi muni, don babu mai kawo ƙara. Shi ya sa ake auna nauyin kwalbar kafin ɗiba da bayanta, a rubuta.