Hanyar Komawa Jirgi a Ƙarƙashin Teku

Aikin farko da na samu bayan na sauka Cairns, a arewacin jihar Queensland ta Ostireliya, a jirgin ruwa ne da ke kai masu nutso babban shingen murjanin nan, Great Barrier Reef, mai tsawon kusan kilomita 2,300. Wanke tabarau nake yi, in jera tukwanen iska, in ƙirga fasinja. Ƙirgar nan ba a wasa da ita a garin. A watan Janairun 1998 wani jirgi ya baro wasu ma'aurata 'yan Amurka a teku, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba. Tun daga nan aka tsaurara doka, jirgi ba ya tashi sai an tabbatar kowa ya hau.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Turancinsu sauri gare shi, suna haɗiye rabin kalma, sai a yi raha a gama ban kama komai ba. Ba wanda ya wulaƙanta ni, amma dai ina gefe. Malamar nutso ta jirginmu, dattijuwa ce mai haƙuri, ita ta matsa mini in koya. Takardar shaidar nutso ta farko tana ba mutum izinin sauka har mita 18, kuma a can ƙasa da hannu kowa yake magana, baƙo da ɗan gari duk ɗaya.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne komawa jirgi. A ƙasa murjani duk kama yake da juna, jan launi yana gushewa tun a mitoci kaɗan, komai ya koma shuɗi-shuɗi. Kunne ma ba ya taimako: sauti ya fi gudu a ruwa sau huɗu da wani abu fiye da a iska, shi ya sa za ka ji ƙarar inji sarai amma ka kasa sanin ta ina take fitowa.

Ta koya mini cewa komawa tun daga sauka take farawa. Ka bi igiyar da aka ɗaure jirgi da ita har ƙasa, ka duba zurfin gindinta, ka riƙe shi a ka. In mita 12 ne, to da ka dawo ka ga kanka a mita 18, ka san ba a layin kake ba. Ka zaɓi wata alama da ba ta motsi, dutse mai tsaga ko ƙaton murjani mai kama da laima, ba garken kifi ba. Sannan ka yi gaba kaɗan ka waiwaya. Wannan waiwayen shi ne abin da masu koyo suka fi mantawa, alhali wurin da ka baro fuskarsa daban ce in ka tunkare shi daga ɗaya ɓangaren.

Sai batun ruwa mai ja. Ana fara tafiya ne ana fuskantarsa, lokacin da ƙarfi yake nan tukunya kuma cike, don ya turo ka gida sa'ad da ka gaji. Muna sauka da iska kusan bar 200 a ma'aunin matsin iskar tukunya, mu juyo tun kafin ta yi ƙasa da rabi, mu fito da aƙalla 50. Kamfas kuwa, wato na'urar nuna alƙibla, lissafinsa mai sauƙi ne: in ka tafi a digiri 90, ka dawo a 270. Wuyar ita ce riƙe shi a daidai da kuma yarda da shi lokacin da zuciyarka ke rantsuwa jirgi yana hagu. A ganina wanda ya dogara da kamfas kaɗai bai koyi wurin ba tukuna, dole ya haɗa da gangaren ƙasa, da gefen da hasken rana ke shigowa, da layukan rairayi waɗanda yawanci suke kwance daidai da gaɓa.

In kuma duk da haka igiya ta ƙi bayyana, ba a ƙarar da iska wajen nema. Ka hura balan-balan ɗinka na alama mai ruwan lemo ya tashi sama, ka tsaya minti 3 a mita 5, ka fito a hankali kusa da abokin nutsonka. Mai gadi a saman jirgi zai hango ku, a turo ƙaramin kwale-kwale. Ba wanda zai ga laifinku.

Ranar da malamar ta nuna ni da yatsa a ƙarƙashin ruwa, ta yi alamar jirgi da tafukanta biyu, ta koma bayana tare da sauran, na gane abin da take nufi. Na kawo su gindin igiya. Da yamma abokan aiki suka ce in zauna mu ci abinci tare, washegari kuma sunana yana cikin jerin masu raka baƙi. Yanzu ina karatun zama jagoran nutso, kuma cikin sharuɗɗansa akwai zana taswirar wuri guda da hannunka, da zurfinsa da alamominsa. Na gama gefen kudu na wurin da na zaɓa, saura gangaren arewa, inda ruwa ya fi ja.