Yadda na koyar da babin benzin da labarin Julius Wilbrand

Duk malamin kimiyyar sinadarai da ya taɓa kai 'yan sakandare babin benzin ya san yadda aji yake mutuwa a wurin: zobe mai kusurwa shida a allo, yara na ta hamma. A zangon da ya wuce sai na ɓullo wa babin ta labarin Julius Wilbrand, Bajamushen da ya fara haɗa TNT, sinadari mai fashewa da ake yin bam da shi, a 1863.

Abin da ya fara farkar da su shi ne jin cewa mutumin ba makami ya fita nema ba. Wani sinadari rawaya ne ya samu, aka riƙa amfani da shi a matsayin rini. A zamanin nan masana a Turai rige-rige suke yi wajen fitar da launuka daga kwaltar kwal, wadda a cikinta ake samun toluwin, sinadari mai zoben benzin, wanda shi ne tushen TNT. Sai a 1891 wani Bajamushen, Carl Häussermann, ya gano ƙarfin fashewarsa. Nan take wata yarinya ta ce, "Malam, shekara 28 ba wanda ya lura?"

Na bar tambayar ta cinye rabin lokacin darasin, kuma ta cancanta. TNT akwai haƙuri. Girgiza ko gogayya ba sa tayar da shi cikin sauƙi, sai an sa masa wani abin da zai fara fashewa ya tunzura shi. Ga shi yana narkewa a zafin digiri 80 da 'yan kai, ƙasa da na tafasar ruwa, don haka ana iya narka shi a ɗura a kwanson harsashin igwa. Na kwatanta musu da naitirogilisarin, ruwa mai fashewa da Ascanio Sobrero ɗan Italiya ya haɗa, wanda ɗan bugu kaɗan ya isa ya tayar da shi. Wannan ruwan ne Alfred Nobel ya ladabtar ya zama nakiya a 1867. Yawancin ajin sun ɗauka nakiya da TNT abu ɗaya ne. Haƙurin nan na TNT ne ya sa sojojin Jamus suka karɓe shi a 1902, domin harsashinsu kan huda sulken jirgin ruwa kafin ya fashe. Ingila ta biyo baya a 1907.

Sashen da ya fi taɓa su, musamman 'yan matan, shi ne na ma'aikatan masana'antun makamai a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matan da ke ɗura TNT a harsashi fatarsu ta koma rawaya, wasu hantarsu ta lalace har suka rasu. A Janairun 1917 kuma masana'antar Silvertown a Landan ta tashi, mutum 73 suka mutu.

Abu biyu zan faɗa wa abokan aikina. Ka bari su yi tambaya kafin ka zana komai; da na zo zana zoben da rassansa, ba wanda ya ce zai fita shan ruwa. Sannan ka shiga aji da amsarka a hannu, domin tabbas wani zai ce, "Malam, yaya ake haɗawa?" A yankin da ya ji ƙarar bam da kunnensa, wannan ba tambayar da ake amsawa da raha ba ce. Na ce masa kai tsaye ba zan koyar ba, ba ya cikin manhaja, kuma na sanar da shugaban makaranta abin da darasin ya ƙunsa tun kafin in shiga. Zango mai zuwa zan gwada wannan hanya da labarin Fritz Haber, Bajamushen da ya gano hanyar haɗa sinadarin da ake yin takin zamani da shi.