Ashe mai ne ya kashe mini kuloci

A kan wani dogon hawa na fara gane motata ba lafiya. Ina giya ta huɗu, na taka totur zan wuce wata babbar mota, sai inji ya ɗau kuka, allurar juyin inji ta tashi daga 2,500 ta haura 4,000, ita kuwa mota ko gezau. Da na sassauta ƙafa sai na ji kamar wani abu ya kama, ta ci gaba da tafiya kamar ba ita ba. Na gangara gefen hanya na tsaya, wani ƙauri ya daki hancina, irin na birkin da ya sha wuta.

Sati biyu na yi ina yaudarar kaina cewa fulogi ne, alhali na san injin da fulogi ya dame shi sarƙewa yake yi, ba kuka ba. Nawa ƙarfinsa na nan daram, tayoyi ne kawai ba sa samu. Tsakanin inji da giyabos kuwa kuloci ne kaɗai: faifai guda, wanda bakanikai ke ce wa filet, a matse tsakanin filawil (babban faifan ƙarfe mai nauyi da inji ke juyawa) da wani murfi mai yatsun ƙarfe. Ka taka feda, boris ya danna yatsun, murfin ya saki faifan. Ka ɗaga ƙafa, ya sake damƙe shi. Idan damƙar ta yi rauni, filawil zai riƙa juyawa yana gogar faifan ba tare da ya tafi da shi ba. Shi ya sa sulɓin ke fara bayyana a manyan giya da kan hawa. A giya ta ɗaya da ta biyu sai ka rantse motar lafiyarta ƙalau.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana aikin mota kafin bayansa ya hana shi, shi ya ce in daina kame-kame in gwada. Muka sami fili babu kowa a gaba, na ja birkin hannu, na sa giya ta uku, na ɗan ba ta wuta, na saki kuloci a hankali. Mota mai lafiyayyen kuloci mutuwa take yi nan take. Tawa na cire ƙafa gaba ɗaya, inji yana ta ruri abinsa.

"Taka, taka, ya isa," in ji Kawu. "Kada ka ƙarasa ƙona shi."

Kafin mu taɓa sufana sai da ya sa na tsuguna na danna fedar da hannu. Kulocin motata na waya ne, kuma littafinta ya ce feda ta yi wasan milimita 15 zuwa 20 kafin ta fara tauri. Yayin da faifai ke cinyewa wasan nan raguwa yake yi, in ya ƙare sai waya ta riƙa jan kuloci ko ƙafarka ba ta kai. Mutum sai ya sauke giyabos a banza kan abin da noti ɗaya zai gyara. Na daidaita nawa, na zaga, sulɓin bai fasa ba. Daga nan na haƙura.

Na sayi kayan a haɗe: faifai, murfi da boris. Wanda ya ce maka faifai kaɗai ya isa, ba shi zai kwanta ƙarƙashin mota karo na biyu ba.

Kwancewar ba ta da wata hikima, yawa ne da ita. Motar mai jan tayoyin gaba ce, don haka na fara cire wayar batir ta nagatif, na sassauta manyan notocin shaf, sandunan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyi, tun mota na ƙasa, sannan na ɗaga ta na ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin ba wa amanar rai ba ne. Na kwance marfin zuba man giya kafin na tsiyayewa, gudun kada in zubar da mai in dawo in tarar na zubawar ya ƙi motsi. Sitata, wayoyin canza giya, wayar fitilar ribas, shaf biyu, duk suka fita. Na tokare inji daga ƙasa da jak da katako kafin in kwance kujerunsa. Notocin da ke haɗa giyabos da inji tsayinsu ba ɗaya ba ne, sai na zana da'ira a kwali ina soka kowanne a gurbinsa. Guda ɗaya ya ɓuya ta baya, na kusa rabin awa ina girgiza giyabos ina tsaki kafin yatsana ya laluɓo shi.

Da giyabos ya sauka na cire murfin, faifan ya faɗo hannuna, sai na yi turus. Na zaci zan gan shi ya cinye har kan ƙusoshinsa. Ina! Da sauran nama a jikinsa, ƙusoshin na can ciki, zurfinsu ya haura iyakar milimita 0.3 da littafin ya ba da. Amma fuskarsa baƙa ƙirin, tana sheƙi, na shafa yatsa ya fito da maiƙo. Cikin kwanon da kuloci ke zaune duk ya yi caɓa-caɓa da baƙar laka, ƙurar faifai gauraye da mai.

Ni da hankalina ya koma kan sabon kwali, har na miƙa hannu zan buɗe. Kawu ya karɓi tsohon faifan ya juya shi gaba da baya, ya kai hanci.

"Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Wannan bai tsufa ba, jiƙa shi aka yi. In ka ɗaura sabo a haka, shi ma wankan da zai sha ke nan."

Mai kan shigo wurin ta hanya biyu: ko sil ɗin bayan inji, zoben robar nan mai hana mai yoyo, da ke ɓoye a bayan filawil, ko sil ɗin sandar giyabos. Hanci ma yana raba gardama, don man giya warin farar wuta yake yi, baƙin mai kuwa ba haka ba. Gefen giyabos a bushe yake. Muka haska saman inji ko daga murfin sama yake gangarowa, nan ma babu. Na yi wa filawil alama da fenti don ya koma yadda yake, na kulle haƙoransa, na kwance shi. Ga sil nan ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi, leɓensa ya tsage, sawun mai ya gangaro daga ƙasansa. Sai a lokacin na tuna ɗan ɗigon da nake gani inda nake ajiye mota, da yadda nake ƙara baƙin mai jefi-jefi ina cewa ai tsohon inji ne. Wata da watanni motar na faɗa mini, ni ne ban saurara ba.

Aikin ya tsaya kwana biyu ina neman sil. Filawil ma ya yi tabo shuɗi-shuɗi na zafi, na kai aka share fuskarsa a injin gogewa. Na ci sa'a nawa dunƙulallen ƙarfe ne. Akwai irin mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda galibi canza shi ake yi. Ƙurar wurin kuma ban hure ta ba, da maganin wanke birki na jiƙa ta na goge, saboda ba abin shaƙa ba ce.

Na shafa wa leɓen sabon sil ɗan mai, na zaunar da shi daidai da kaɗan-kaɗan. Na wanke fuskar filawil da ta sabon murfi tas, don murfin da man hana tsatsa yake zuwa. Faifan yana da gaba da baya, an ma rubuta a jikinsa gefen da zai kalli filawil. Haƙoran sandar giyabos na shafa musu giris siriri, na zura faifan na zare, na goge abin da ya taru. Bayan abin da na gani, ko ɗigo ban yarda ya rage ba.

Kuskurena na gaba nawa ne ni kaɗai. A cikin kwalin akwai ɗan sandan roba na saita faifai a tsakiya, na neme shi na rasa, na ce ido ya isa. Na ɗaure murfi, muka ɗago giyabos, ƙarfen da ya kusa kilo 40, ni a kwance Kawu na riƙe jak. Ya shiga, saura kamar faɗin yatsa biyu ya cije. Na jijjiga, na murza, hannuwana na rawa, gumi na shiga ido. Sai na lalubo dogon noti na ce bari in jawo shi da ƙarfi.

"Kul!" Kawu ya ce. "Noti ba ya jawo giyabos. Ka lanƙwasa faifan ko ka fasa kwano. Sauke shi."

Muka sauke. Sandan robar ashe yana ƙarƙashin kwalin notoci. Da na sassauta murfin na zura shi, da idona na ga faifan ya gusa, bai fi kaurin farce biyu ba. Na sake ɗaure notocin a gicciye, kowanne zagaye kaɗan, na ƙarasa da sufana mai awo bisa lambar littafi. A karo na biyu na sa giya, na ɗan juya inda shaf ke shiga don haƙora su haɗu, giyabos ya zame ya zauna da wata ƙaramar ƙara, ƙwas.

Mayar da sauran ya ci yini guda. Na zuba man giya, na daidaita wasan feda, na tayar. Fedar ta yi laushi har na tsargu, kuma kuloci ya koma kamawa tun ƙasa-ƙasa, sai da mota ta mutu mini sau biyu kafin ƙafata ta saba. Kilomita 800 na farko lallaɓa ta na yi, babu fizga, babu kaya mai nauyi.

Ran da na ɗauki Kawu muka fita gwaji, muna tsaye a danja na sa giya ta ɗaya na danne kuloci ina jiran hannu, kamar yadda na saba. Bai ce komai ba, ya miƙo hannu ya mayar da giya firi, ya buga mini gwiwa. Da muka dawo ya sa na shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin inji. Da safe na jawo shi, babu ɗigo ko ɗaya.