Kalmar "ƙari" da na rubuta a rahoton wata yarinya

A shekarata ta biyu ta samun horo a sashen hoto, cikin hunturu, lokacin da ƙura ke cika asibiti da masu mura da toshewar hanci, aka kawo mini hoton CT na wata yarinya 'yar shekara 15 mai sikila wadda ciwon kai ya addaba. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne ya turo ta domin a duba kogwannin hancinta. A lokacin ina ji da kaina a kan bambance-bambancen halitta na wannan wuri. Na gano iskar da ta shiga ƙashin tsakiya na cikin hanci, wato konka bulosa, na nemi ɗan aljihun iska da ake kira aljihun Haller a ƙarƙashin gurbin ido, na auna zurfin rufin hanci bisa rabon da Keros ya yi a 1962 na samu milimita 5, wato rukuni na biyu, sannan na tabbatar babu aljihun Onodi da ke jingine da jijiyar gani. Duk wannan na rubuta shi daidai, kuma babu ko ɗaya da ya amfani yarinyar.

Abin da ya ɗauke mini hankali yana cikin ƙashin sifinoid, wanda ke gindin ƙoƙon kai mai siffar malam-buɗe-littafi. A dama kogon da ke cikin ƙashin cike yake da iska, baƙi ƙirin kamar yadda aka saba. A hagu kuwa, inda ya kamata iska ta kasance, sai na ga wani abu mai kaurin baki, cikinsa da siraran layukan ƙashi masu lanƙwasa. Ranar Juma'a ce, babban likitanmu ya yi tafiya, ni kuma na ga ɓangare ɗaya bai yi kama da ɗan'uwansa ba. Na rubuta cewa akwai alamun ƙari a gindin ƙoƙon kai, a yi MRI cikin gaggawa.

Ban yi tunanin yadda wannan kalma za ta sauka a kunnen uba ba. Shi da aka fassara masa rahoton, ciwon daji ya ji. Na'urarmu ta MRI ba ta aiki a lokacin, saboda haka ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya ɗauki yarinya mai sikila cikin sanyin hunturu zuwa wani gari mai nisa, kuma kusan mako uku suka yi tsakanin tafiya da jiran layi.

Da suka dawo da hoton, babban likitan ya ce in fara buɗe tsohon CT ɗin tukuna. Ya ɗora ɗan ƙaramin da'irar awo a tsakiyar abin, sai lamba ta fito ƙasa da sifili, wajen 80 a ma'aunin Hounsfield, wanda ake gane nauyin abu da shi a hoton CT. Ya juyo ya ce, "Likita, me yake ba da wannan lamba?" Na ce, "Kitse ne, ranka ya daɗe." Ruwa sifili ne a wannan ma'auni, iska 1000 ƙasa da sifili, kitse kuma yana kusa da 100 ƙasa da sifili, kuma na haddace wannan tun makon farko. Awon bai ɗauke shi daƙiƙa goma ba. Sannan ya nuna mini kafofin jijiyoyi biyu da ke ratsa wurin, zagayayyar kafar da reshe na biyu na jijiyar da ke ɗaukar jin taɓawa a fuska ke bi da kuma hanyar Vidiyan, dukansu lafiya lau, ba a matse su ba, ba a ture su ba. Ƙashin ma bai kumbura ba. Ƙari na gaske, ko irin cutar da ke mai da ƙashi kamar niƙaƙƙen gilashi, yakan faɗaɗa ƙashin ko ya ci gefensa. Hoton MRI ɗin da aka sayar da shanu dominsa bai ƙara komai ba, illa ya nuna wurin yana haske irin na kitse, yana dushewa idan aka sa na'urar ta danne hasken kitsen.

Abin da na gani shi ne kogon da iska ba ta ƙarasa shiga ba. Jariri ba ya zuwa duniya da kogon sifinoid. Jan ɓargo ne a wurin, wanda ke rikiɗa ya zama kitse a shekarun farko, sannan iska ta biyo baya ta maye gurbinsa har zuwa wajen balaga. A wasu mutane aikin yakan tsaya a rabi, kitsen ya zauna har ƙarshen rayuwa ba tare da cutar da kowa ba. Tun 2008 Welker da abokan aikinsa suka tsara alamomin gane shi, kuma wani bincike na 2016 ya nuna an fi samunsa a masu sikila, abin da ya dace da yadda ɓargonsu ke jinkirin rikiɗa. Kalmar sikila tana rubuce a saman takardar da aka turo mini.

Da na bi diddigin kuskuren, sai na ga yadda na koyi darasin ne ya karkace. Duk jerin da na haddace na wuraren da iska ta wuce gona da iri ne, domin su ne ke damun mai fiɗa. Ban taɓa zama na yi nazarin inda iska ta gaza isa ba: kogon goshi da ba a halitta ba sam, ko kogon kumatu da ya tsumbure, wanda a hoton eksire na yau da kullum yake fitowa fari kamar ya cika da mugunya, har a yi ta ɗirka wa mutum magani a banza. Yanzu duk inda na ga babu iska, kafin in kira shi da wani suna sai na auna nauyinsa, na duba ko ƙashin ya kumbura, na bi kafofin jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina jin haushin cewa shanu biyu ne suka koya mini wannan.

Ni na nemi a bar ni in yi wa mahaifin bayani. Na ce masa, "Baba, babu ƙari, haka Allah ya halicce ta, kuma ni ne na yi kuskuren karantawa." Ya yi hamdala sau uku, ya riƙe hannuna yana yi mini godiya, sannan ya tambayi abin da za a yi wa ciwon kan, wanda aka mayar da shi ga likitocin jini. Da na yi masa maganar shanun, sai ya ce ƙaninsa zai ara masa nasa idan damina ta faɗi.